Idan Ƙarfin Yaro Ya Fara Raguwa a Fili, Hutu Yake Nema, Ba Tsawa Ba

Da zarar an ɗaure dammunan gero an kai rumbu, sai kiɗan kokowa ya tashi a ƙauyukan Garagumsa. Daga Takeita har cikin birnin Damagaram, da wuya ka sami garin da ba shi da yaron da ake nunawa a ce wannan, in Allah ya raya shi, sai ya ɗauko takobin gasar kokowa ta ƙasa. Ɗan shekara 14 ko 15 yakan yi karo yau a garinsu, gobe a ɗora shi bisa babur zuwa wani gari, jibi a kai shi wani fili. Ana nan sai a ga hannun da yake cicciɓar abokin karo da shi ya yi nauyi, kamun da yake yi ba ya riƙewa, saurin kai hannu ya ragu. Nan take kowa ya zama mai fassara. Wani ya ce yabo ne ya sangarta shi, wani ya ce baki ne, wani ya ce an yi masa sammu. Kaɗan ne ke cewa a duba kafaɗar yaron.

Akwai mutanen da suka daɗe suna bin diddigin irin wannan raguwa, su ne masu wasan besbol na Amurka da Japan. A wasan nasu, mutum guda ne ke tsayawa ya jefa ƙwallo mai tauri, wadda nauyinta bai wuce giram 150 ba, zuwa ga mai riƙe da gora a nisan mita 18 da ɗoriya. Ƙwararru kan jefa ta da gudun kilomita 150 zuwa 160 a awa, kuma kowace jifa akwai na'urar da ke auna gudunta. Shi ya sa idan gudun jifar matashi ya sauka da kilomita 4 ko 5 kawai, masu horarwa da likitoci kan tashi tsaye. Gogewa ta koya musu cewa sau da yawa gudu ne ke fara faɗuwa kafin yaro ya buɗe baki ya ce yana jin ciwo.

Yara biyu, hukunci biyu

A Japan, gasar makarantun sakandare da ake yi a filin Koshien tana da farin jini irin na takobinmu. A shekarar 2013, wani ɗan shekara 16 mai suna Tomohiro Anraku ya yi jifa 772 a wasanni 5 cikin kwana 9. Ranar wasan ƙarshe hannu ya riga ya mutu, gudun ƙwallonsa ya faɗi, aka lallasa makarantarsu da ci 17 da 1. Kafin shekarar ta ƙare ya ji rauni a gwiwar hannu.

A 2019 aka sake samun wani yaro, Roki Sasaki na makarantar Ofunato, wanda jifarsa ta kai kilomita 163 a awa. Saura wasa guda makarantar ta tsallaka zuwa Koshien, sai mai horar da su, Yohei Kokubo, ya ƙi saka shi, domin ya yi jifa da yawa a kwanakin da suka gabata. Suka sha kashi da ci 12 da 2, mutanen gari suka yi ta zagin malamin. Amma ranar 10 ga Afrilu, 2022, Sasaki yana ɗan shekara 20 ya yi wasan da babu ɗan adawa ko guda da ya samu wucewa, abin da aka yi shekara 28 ba a gani ba a babbar gasar ƙasar. Ko shi ɗin da aka tattala bai tsira gaba ɗaya ba: bayan ya koma ƙungiyar Dodgers ta Amurka a 2025, gudun jifarsa ya ragu, a watan Mayu aka gano ciwon kafaɗa. Sai da aka ajiye shi wata huɗu kafin gudun ya dawo.

Hukumar wasan makarantun Japan ta saka doka daga 2020 cewa yaro ba zai wuce jifa 500 a mako ba. A Amurka tun 2007 gasar yara ta Little League ta fara ƙidayar jifa: ɗan shekara 9 zuwa 10 ba ya wuce 75 a rana, ɗan 11 zuwa 12 ba ya wuce 85, ɗan 13 zuwa 16 ba ya wuce 95, kuma wanda ya yi jifa da yawa dole ya huta kwanaki. Asara ce ta koya musu. Tiyatar gyaran jijiyar gwiwar hannu, wadda likita Frank Jobe ya fara yi wa ɗan wasan besbol Tommy John a 1974 yana ɗan shekara 31, ta koma tiyatar da ake yawan yi wa ƴan shekara 15 zuwa 19. Wani bincike na 2006 ya nuna cewa matasan da suka saba jifa alhali hannu ya gaji sun ninka sauran har sau 36 wajen haɗarin kaiwa ga tiyata.

Me ya haɗa wannan da yaranmu?

Jiki ɗaya ne. A ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro, kusa da gaɓa, akwai wani faifan guringuntsi wanda daga nan ne ƙashin ke ƙara tsawo. Ba ya gama zama ƙashi sai yaro ya kusa shekara 16 zuwa 18, wani ma ya ɗan wuce haka. Kafin lokacin, wannan wuri ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni. Murɗar da za ta zame wa babba targaɗe, ga yaro tana iya tsaga wannan guringuntsi, kuma idan ya warke a karkace, hannu kan tashi a tanƙware ko ya fi ɗan'uwansa gajarta. Manomi ya san wannan a dabba: ba ya ɗaura wa ɗan maraƙi amalanke don ya ga yana da ƙiba, sai ƙashi ya yi ƙwari.

Ba faɗuwa ɗaya ce kawai ke lalata gaɓa ba. Motsi iri ɗaya da ake maimaitawa ba hutu ya fi yin ɓarna: ɗan kokowa da ke fizga da cicciɓa, ɗan dambe da ke kai naushi da hannu guda, mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa da ke faɗawa kan kafaɗa a busasshiyar ƙasa, da samarin cikin Damagaram masu ɗaga ƙarfe da siminti a wuraren motsa jikin unguwa. Kowane atisaye yana barin ƴan ƙananan raunuka a tsoka da jijiya, hutu da barci da abinci ne ke ɗinke su. Idan aka koma fili kafin su ɗinke, tsokar da ke riƙe gaɓa ta gaji, nauyin sai ya faɗa kan jijiya da guringuntsi. Jiki da kansa yake rage ƙarfin da yake bayarwa don ya kare wurin. Wannan raguwar ita muke gani mu kira ta ragwanci.

Ƙari a kan haka, yaronmu ba ya sauka daga fili ya kwanta. Shi ne mai jan guga, shi ne mai faskare, shi ne mai ɗaukar buhu ranar kasuwa. Duk wanda zai ƙidaya wahalar hannunsa, sai ya haɗa da wannan.

Alamomin da ba a wasa da su

Babu na'urar auna gudu a filayenmu, amma ido ya isa. A lura idan yaro ya fara sauya yadda yake kamu don ya ɓoye hannu guda, ko yana yawan girgiza hannu da murza kafaɗa tsakanin karo. A lura idan ba ya iya miƙe gwiwar hannu sosai, ko ɗaga hannu sama da kai. Ciwon da ya kwana ya wuni, ciwon da ke tashin yaro daga barci, kumburi, jin ƙara a cikin gaɓa, ko mutuwar ƙaramin yatsa da na kusa da shi, duk alamu ne na a tsaya nan take. Kada a jira ya faɗa da bakinsa. Yaron da makaɗa suka wasa, ƴan mata suka yi wa guɗa, ba zai ce "Baba, hannuna na ciwo" ba. Tambayar "kana jin ciwo?" amsarta kullum a'a ce. Gara a ce masa, "Ɗaga hannuwanka biyu in gani."

Wani lokaci kuma matsalar ba ta gaɓa ba ce. Kaka tana zuwa ne daidai bayan watannin da zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani, yara da yawa suna shiga fili da ƙarancin jini. Tsargiya da ake ɗauka a tafkuna, tsutsar ciki, amosanin jini da rashin isasshen abinci duk suna cinye ƙarfi a hankali. Yaron da ke haki da wuri, jiri na ɗibarsa, cikin idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, awon jini yake buƙata a likita.

Hanyoyi biyu da ke ƙarasa yaro

Ta farko ita ce ƙwaya. Tramol da sauran magungunan kashe ciwo da ake sayarwa bisa tebur ba sa warkar da komai, suna toshe saƙon da jiki ke aikawa ne, yaro ya ci gaba da murɗa gaɓar da ta riga ta tsage. Tramol na kama mutum ya kasa bari, yana kuma jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairu, 2024. Duk wanda ya miƙa wa yaro ƙwaya don ya ƙarasa karo, ba masoyinsa ba ne.

Ta biyu ita ce gaggawar ja da ɗauri. Maɗora suna da matsayinsu a cikin al'umma, amma raunin guringuntsin girma ba a gane shi da lalube, sai da hoton ƙashi. Jan gaɓar da ƙarfi na iya ƙara gusar da ita, ɗauri mai tsanani kuma na iya tare jini har hannu ya lalace. Idan yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka sauya launi bayan ɗauri, a kwance shi a nufi asibiti a ranar. Daga Takeita zuwa Damagaram, inda babban asibitin ƙasa yake, kimanin kilomita 50 ne bisa kwalta. Kuɗin mota da na hoto ba su kai darajar hannun dama ba.

Abin da ya rage gare mu

Likitocin yara masu kula da wasanni suna ba da shawarar a bar yaro ya huta kwana ɗaya ko biyu kowane mako, ya kuma ajiye wasansa na wata biyu zuwa uku a shekara. Akwai ma'auni mai sauƙin riƙewa: awannin atisayen yaro a mako kada su wuce yawan shekarunsa. Masu shirya kokowar ƙauye su haɗa yara da sa'o'insu a shekaru da nauyi, su daina tura ɗan 15 gaban ƙato don a ga jarumta. A samu babba guda, uba ko kawu ko mai horarwa, wanda zai riƙa ƙidaya karon da yaro ya yi a mako, kuma in ya ce ya isa, maganarsa ta zauna ko da makaɗa sun ɗauki kiɗa. Wanda ya ji ciwo ba ya komawa fili sai gaɓar ta daina zafi, tana motsi kamar ƴar'uwarta, sannan ya fara da kaɗan.

Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, manyan mutane ne ke ɗaukarsa. Jihohi 8 ne ke turo ƴan kokowa goma-goma, kuma duk wanda ya kai filin kokowa na Langa-Langa a Damagaram ko waninsa da sunan jiharsa ya yi shekaru yana karo kafin nan. Issaka Issaka na Doso bai tara takubba shida a kaka ɗaya ba. Iyaye da masu horarwa, yaron da kuka zaunar bana zai yi fushi, mutanen gari ma za su yi magana. Ku jure maganar, ku kai shi a duba shi.