Zangon 'Yan Birged: Makarantar da Ba Ta da Aji

Duk wanda ya zauna a Jos ko Kafanchan ko Numan ya san ƙarar gangar 'yan Birged. Su ne samarin coci masu kaki da hula da ake gani suna fareti, ko suna tsara jama'a a wurin baiko da jana'iza. Mutane da yawa sun ɗauka aikinsu ke nan. Alhali babban horonsu yana faruwa ne a lokacin hutu, sa'ad da suka bar gida suka tafi zango.

Asalin ƙungiyar Boys' Brigade daga birnin Gilasgo ne na ƙasar Sikotilan. Wani malamin makarantar Lahadi, William Alexander Smith, ya ga yaran ajinsa sun gagare shi, ga shi kuma hafsa ne a rundunar sojan sa-kai inda manyan mutane ke bin umarninsa ba gardama. Sai ya haɗa fareti da karatun Littafi Mai Tsarki, ya kafa ƙungiyar ranar 4 ga Oktoba, 1883. A 1886 ya kai yaran zangonsu na farko a Tighnabruaich da ke bakin teku, shekara ashirin da ɗaya kafin Baden-Powell ya yi zangon tsibirin Brownsea na 1907 wanda ya haifi ƙungiyar Sikawut. Birged ta iso Legas a 1908, daga baya ta bazu cikin majami'un Arewa irin su ECWA da COCIN. 'Yan mata ma suna da tasu, wato Girls' Brigade.

Me ya sa sai an fita? Domin a gida uwa ce ke tashin yaro, ita ke dafa masa abinci, ita ke neman takalminsa idan ya ɓata. A zango kuwa ana raba yara ƙungiya-ƙungiya, kowace da kofur ko saje daga cikinsu. Da asuba a yi addu'a, a motsa jiki, a share wuri, a duba shimfiɗar kowa. Wasu su ɗebo ruwa, wasu su hura wuta. Idan mai ɗebo ruwa ya yi lalaci, kowa zai sha kunu a makare, kuma abokansa ne za su tuhume shi tun kafin kyaftin ya buɗe baki. A nan yaro yake gane cewa sakacinsa yana shafar wasu. Da rana a koyi ɗaurin igiya, da taimakon gaggawa, da hawan dutse, da aikin gayya kamar gyara magudanar ruwa. Musulmin da ya san horon 'yan agaji ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Sai dai kowane lokaci na shekara da irin tasa barazanar. Dogon hutun makaranta yana faɗowa ne a watan Agusta, tsakiyar damina. Sauro ya yi yawa, don haka gidan sauro ya zama dole ga kowane yaro. Rafin da aka tsallaka da safe ruwa iya idon sawu, yana iya cika ya yi ambaliya da yamma saboda ruwan da aka yi a can kan tudu. Wanka a kududdufi yana jawo tsargiya, shan ruwan da ba a tafasa ba kuma yana kawo amai da gudawa. Kowane shugaba ya kamata ya iya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Hutun Disamba ya fi daɗin tafiya a ƙafa, amma sanyin hunturu a tsaunukan Filato ba na wasa ba ne, busasshiyar ciyawa kuma tana kama wuta nan da nan. A bazara, wajen Maris da Afrilu, zafi da ƙishirwa ne matsala, cusa yara da yawa a ɗaki ɗaya kuma yana taimaka wa sanƙarau ya yaɗu. Ga kuma maciji, musamman kububuwa, wadda yawan saranta ya sa aka san Kaltungo ta Jihar Gombe da asibitin masu saran maciji. Idan ta sari yaro, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A hana shi motsi, a garzaya da shi asibiti. Matsalar tsaro ma ta sauya lissafi: a wuraren da ake fama da masu garkuwa da mutane, harabar coci ko makaranta mai katanga ta fi dawa hikima.

Saboda haka, kafin uba ko uwa su sa hannu a takardar izini, su tambaya: ina za a kwana, manya nawa ne za su kula da yara nawa, wane asibiti ne mafi kusa, akwai mota a tsaye, kuma an sanar da hukuma da mai unguwa? Zangon 'yan mata ya kasance a hannun mata. Shugaban kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, domin ya riga ya yi wa kansa su.

Ikilisiya kuma tana da nata nauyi. Kuɗin kaki da na abinci kan hana marayu da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi zuwa, alhali su ma suna da hakkin wannan horo. Idan dattawa da zumuntar mata suka ware wani abu daga baiko tun farkon shekara, ba yaron da zai zauna gida don rashin kuɗi ranar da sauran suka hau mota.