Yini Guda a Unguwannin Masana'antu na Kano

Baƙon da ya zo Kano yawon buɗe ido, abin da aka fi nuna masa shi ne Dutsen Dala, da Kasuwar Kurmi, da marinar Ƙofar Mata. Duk waɗannan sun cancanci a gan su. Amma a bayan ganuwa akwai wasu wurare waɗanda ba a cika kai baƙi ba, watau unguwannin masana'antu. Manyansu uku ne, Bompai da Sharaɗa da Challawa.

Wata rana wani malamin makaranta na Ɗambatta ya ɗebi 'yan aji shida a mota don su gano wuraren nan. Kafin su tashi ya ce musu, "Yara, duk inda muka tsaya kada ku tsaya kallon gini kawai. Ku tambaya me ake kawowa nan, me ke juya injin, sa'an nan ina ruwa yake tafiya in an gama aiki da shi."

Da hantsi suka iso Bompai, wadda take gabas da birni. Ita ce babbar yayarsu, kuma gyaɗa ce ta haife ta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga nan manoma suka duƙufa noman gyaɗa, fatake irin su Alhassan Ɗantata suna saye, ana jera buhuna har su yi tsini kamar dutse, shi ne ake kira dalar gyaɗa. Da farko ɗanyarta ake kaiwa Ingila. Daga baya aka ga ai gara a matse man a nan, sai aka kafa injunan matsar mai kusa da hanyar jirgi. Wasu masana'antu suka biyo baya, na sabulu, da alewa, da turare, da kwanuka, da saƙa. In jiniya ta yi kuka da safe, sai ka ga ma'aikata bisa kekuna sun cika hanya.

Yaran sun ga injuna suna aiki, amma sun kuma ga abin da ba su zata ba. Ga manyan ƙofofi an garƙame da kwaɗo, ciyawa ta fito a farfajiya. Wasu gidajen kuwa an mayar da su sito, ana ajiye kayan da aka ƙera a wasu ƙasashe. Dalilin haka ba ɗaya ba ne. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya nomanta, dala ta ɓace. A 1986 darajar Naira ta faɗi ƙwarai, sayen kayan gyaran inji daga waje ya yi wuya. Amma babbar cutar ita ce rashin wutar lantarki. Mai masana'antar da ba ya samun wuta dole ya sayi janareta ya yi ta zuba mata mai, kuɗin man kuwa a kan kaya zai ɗora shi. To, in atamfar da aka saƙa a Kano ta fi wadda aka kawo daga ƙasar Sin tsada, wacce mai saye zai ɗauka a Kantin Kwari? Kowace ƙofa da aka rufe, magidanta masu yawa ne suka koma gida ba aiki.

Daga nan suka ratsa gari suka nufi Sharaɗa, kudu maso yamma da birni. Ita ta bunƙasa ne bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, sa'ad da Bompai ta cika. A nan suka shiga gidan roba. Ƙananan ƙwayoyi ne kamar shinkafa, waɗanda ake samu daga man fetur, ake narkarwa a ɗura cikin zubi, kafin ka ƙifta ido sai ga buta ta faɗo da ɗuminta. Haka ake yin bokiti da silifa da kujera. Wata yarinya ta yi dariya ta ce ashe butar gidansu 'yar Sharaɗa ce.

Bayan azahar suka kai Challawa, a bakin kogin da ya ba ta suna. Tun kafin su sauka wari ya tarye su, suka toshe hanci. Warin jima ne, gama nan ne manyan gidajen jimar fata suke.

Jima tsohuwar sana'a ce a Kano. Majeman gargajiya suna jiƙa fata da toka su kankare gashin, sa'an nan su tsoma ta a ruwan bagaruwa don kada ta ruɓe. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna tun zamanin da ayari ke ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can take isa gare su. A Challawa aikin ɗaya ne, sai dai da inji ake yi. Ana zuba fatu cikin wasu manyan ganguna masu juyawa, a wanke gishirin da aka adana su da shi, a cire gashi da farar ƙasa da magani. Maimakon bagaruwa kuma sai a sa wani sinadari mai suna kuromiyam, wanda ke mayar da fata shuɗiya-shuɗiya. Yawancinta ƙasashen waje ake kai ta, irin su Italiya da Sifen, a ɗinka takalma da jakunkuna masu tsada. Abin takaici ne a ce fatar tamu ce, amma ribar ɗinkin ta wasu.

Jima tana shan ruwa ƙwarai, shi ya sa aka zaɓi bakin kogi. Amma ruwan da ya shiga fari ba ya fita fari. Yakan fito da gishiri da gashi da ragowar sinadari, in ba a tace shi ba kuwa guba ne ga kifi da dabba da mutum. Shekaru da yawa irin wannan ruwa yana gangarawa Kogin Challawa, kamar yadda na Bompai ke bin rafin Getsi ya faɗa Jakara. Kogin nan kuwa ba na masu jima kaɗai ba ne. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero daga gare shi aka fara jawo wa birni ruwan famfo. Masunta suna kamun kifi a ciki, makiyaya suna shayar da shanu, masu lambu suna ban ruwa. Doka ta ce kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi. Tacewa tana cin kuɗi, amma jinyar mutanen ƙauye guda ta fi ta ci.

Da la'asar malamin ya kai yaran bakin wata magudana. Suka tsaya suna duban ruwan, baƙi ƙirin, da kumfa a kansa. Can ƙasa kaɗan wani manomi yana jan ruwa da inji yana ba alayyahunsa. Wani yaro ya ce, "Malam, wannan alayyahun ina za a kai shi?"

Malamin ya ce, "Kasuwa, gobe da safe."

Suka hau mota suka kama hanyar Ɗambatta, ba su isa gida ba sai bayan magariba.