Chierika Ukogu da igiyar guga

A bakin rijiya ake gane wadda ta saba da jan ruwa. Sabuwar hannu da damtse take fizgar igiya, kafin guga na biyar ta fara haki. Gwana kuwa sai ta kafa ƙafa a bakin rijiyar, ta jingina baya, nauyin jikinta ya yi mata aikin, hannu bi da bi, ba gaggawa ba tsayawa, har tulu ya cika. Duk macen da ta iya wannan a ƙauyukan Ɗan Issa ta riga ta san sirrin tseren kwale-kwale na Olamfik, ko da ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Jirgin tseren siriri ne ƙwarai, kujerarsa tana zamewa gaba da baya. Matuƙiya tana zaune ta juya wa inda za ta baya, filafili biyu a hannu, ta dunƙule, ta tokare da ƙafa, sannan baya ya karɓa, hannu ne na ƙarshe. Mita 2,000 ake yi, kimanin minti takwas, ja sama da ɗari biyu, kuma wadda ta zuba ƙarfinta duka tun farko ita ke zuwa kurar baya. Tafin hannun matuƙan duk kanta ne, irin wadda igiya ke bar wa iyayenmu mata.

Chierika Ukogu a Amurka aka haife ta, iyayenta ƴan Najeriya ne, ta kuma yi wa jami'ar Stanford tuƙi. A 2012 ta kalli ɗan ƙasarmu Hamadou Djibo Issaka a gasar Olamfik ta Landan, mai aikin lambu daga Yamai wanda wata uku kacal ya yi yana koyo. Shi ya zo na ƙarshe da tazara mai yawa, jama'a na ta yi masa tafi, wasu kuma na cewa bai cancanci zuwa ba. Ni har gobe ina ganin girmansa. Ganinsa ne ya sa ta ƙudurta sai ta tuƙa da sunan Najeriya.

Ta ɗage shiga makarantar likitanci, tana aiki tana atisaye a kogin Schuylkill na Filadelfiya. Kuɗin jirgi da na tafiya a intanet ta nema, jama'a suka yi mata karo-karo ta GoFundMe. A 2015 ta ci gurbi a gasar share fage ta Afirka a Tunis, a 2016 kuma ta sauka Riyo, ita ce ta farko da ta taɓa wakiltar Najeriya a wannan wasa a Olamfik, mace ko namiji. Cikin mata 32 ta zo ta 20. Kim Brennan ta Ostareliya ce ta ɗauki zinariya. Wani zai raina matsayi na 20, amma ya tuna da guminta da taimakon jama'a ta kai kanta wurin.

Bayanta Esther Toko ta tuƙa wa Najeriya a Tokyo a 2021. Mu kuma ga tafkin Madarunfa kusa da mu, masunta na ratsa shi kullum da jiragensu. Ina roƙon masu kula da wasanni a Maraɗi su ajiye ko jirgin tsere biyu ne a bakinsa, da mai koyarwa, su fara da koya wa ƴan mata iyo, da yardar iyayensu.