Canza matatar iskar mota don ƙarin ƙarfi: wacce ta dace da ƙurar Nijar, ba hayaniya, ba tsada?

Duk mai kallon bidiyoyin motoci a Facebook ko TikTok ya san wannan hoto: an buɗe kapo, an cire baƙin akwatin roba da iska ke bi ta cikinsa, an maƙala wata jar matata mai siffar mazurari a bakin bututu. Sai a ba inji wuta, ya yi gurnani. Masu tallar kayan suna cewa mota za ta ƙara gudu, ta kuma rage shan isansi. Shi ya sa masu mota da dama, musamman matasa, ke tambayar makanikai ko akwai irin wannan gyara da zai ƙara ƙarfi ba tare da ya cika unguwa da ƙara ko ya cinye aljihu ba.

Akwai, amma ba jar matatar nan ta bidiyo ba ce. A ƙasa mai zafi da ƙura irin tamu, gyaran da ya fi amfani shi ne wanda ya bar akwatin iska a rufe.

Yawan iskar da inji ke shaƙa

Injin isansi yana buƙatar wajen kilo 14,7 na iska kafin ya ƙone kilo ɗaya na mai. In an lissafa da lita, kowace litar isansi tana tafiya da iska kusan lita 9.000. Wanda ya ƙone lita 50 ke nan injinsa ya shaƙi iska wajen lita 450.000, kuma dukanta ta matata guda ta bi.

Wannan iska ba tsabtatacciya ba ce. Daga Nuwamba zuwa Maris hazon hunturu yana sauko mana daga arewa maso gabas, wani ɓangarensa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi tada ƙura a duniya. Ga kuma rairayin unguwanni da hanyoyin laterit. Ƙurar da ta tsallake matata takan gauraya da man inji ta riƙa goge segman da bangon silinda a hankali. Ba a ganin ɓarnar a mako ɗaya. Bayan watanni ne mota ke fara shan mai, tana hayaƙi, ƙarfinta na raguwa, har a kai ga sauke inji.

Zafi ma yana da nasa lissafi. Duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri 10, nauyinta na raguwa da wajen kashi 3 cikin 100, wato iskar da ke taimaka wa ƙonewar mai ta ragu. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram, ƙarƙashin kapo kuwa ya fi haka nesa. Akwatin da kamfani ya sa wa mota yana jawo iska ne daga gaba ko daga gefe, inda ta fi sanyi. Buɗaɗɗiyar matata da aka rataye kusa da inji tana shaƙar iskar da radiyater ya gama dumamawa. Cikin cunkoson gari, irin wannan mota tana iya rasa ƙarfi maimakon ta samu.

Daga ina ƙarar ke fitowa

Inji ba ya jan iska a miƙe, yana fizgarta ne duk lokacin da bawul ya buɗe ya rufe. Wannan fizga ce ke yin gurnani. Don a kashe shi, kamfanoni suna rufe matata cikin akwati, suna kuma maƙala wa bututun wasu ƙananan kwalaye na roba marasa mafita, waɗanda ake kira rezonater. Wasu suna ɗaukarsu kayan banza su cire, alhali su ne ke haɗiye sautin.

Da zarar an cire akwati da rezonater, ƙara za ta fito, kuma kunne yakan yaudari direba ya ji kamar mota ta ƙara gudu. Wanda ke tafiyar Yamai zuwa Maraɗi, sama da kilomita 600, zai gane cewa sautin da ya burge shi minti biyar a garaji yana gajiyar da kai bayan awa uku.

Ƙarfin da ake samu

A ƙaramar mota marar turbo, irin Toyota Corolla mai injin 1.8 da ke da ƙarfin doki wajen 130, ƙarin da sauya matata ke kawowa da wuya ya wuce ƴan dawaki ƙalilan. Su ma sai an take akselerater har ƙasa, inji na juyi sosai. Dalili kuwa, a tuƙin yau da kullum ba matata ce ke taƙaita iska ba. Akwai wani faifai cikin bututu, wanda makanikai ke kira papiyo, shi ke buɗewa gwargwadon yadda ƙafar direba ta taka. Muddin yana rabin buɗe, ko an cire matata gaba ɗaya iskar da ke shiga ba za ta ƙaru yadda za a ji ba.

Batun rage shan isansi ma haka yake. A motoci masu injeksiyo, kwamfutar mota tana auna iskar da ta shiga ta ba da mai daidai da ita. Wani bincike da cibiyar Oak Ridge ta Amurka ta fitar a 2009 ya nuna cewa toshewar matata ba ta ƙara wa irin waɗannan motoci shan mai yadda za a lura, sai dai ta rage musu kuzarin tashi. Tsofaffin motoci masu karbureta ne toshewar ke sa su shan mai. Ke nan in motarka ta yi nauyi, mai yiwuwa sabuwar matata ta takarda ce kawai take nema.

Zaɓi huɗu, daga mafi sauƙin kuɗi

Na farko, a bar akwatin asali a sa masa matatar takarda mai kyau, ta kamfanin motar ko ta sanannun masu ƙera ta irin Denso, Mann-Filter, Mahle ko Purflux. Ba ta ƙara sauti ko kaɗan, tana tare ƙura sosai, kuma kuɗin kit guda na zamani zai sayi irinta da yawa. Ga mai taksi da mai motar gida, wannan ya wadatar. A kula da jabu: takardarsa sirara ce, ninkinta kaɗan, robar gefenta ba ta zama daidai cikin akwati.

Na biyu, matata mai yawan shigar iska wadda aka yi ta daidai girman ta asali, ana sa ta cikin akwatin nan dai. Sautin da take ƙarawa kaɗan ne ƙwarai. Wadda aka fi sani ita ce ta K&N, kamfanin Amurka, ta auduga da aka jiƙa da wani mai na musamman, ana wanke ta a sake amfani da ita. Sai dai irin wannan saƙa tana barin ƙura mai laushi ta wuce fiye da takarda mai kyau. Kuma in man ya yi yawa bayan wanki, yakan taɓa debitmetir, na'urar da ke auna iska, sai fitilar gargaɗi ta kama a tabulo, inji ya riƙa rawa. Akwai busassun iri marasa mai, su sun fi sauƙin kulawa. Wannan zaɓi ya fi dacewa da motar da ba ta cika barin gudron ba.

Na uku, cikakken kit mai rufaffen akwati da faffaɗan bututu, wanda aka ƙera wa takamaiman samfurin mota. Shi ne ya haɗa ƙarin iska da ƙarancin ƙara, amma ya fi tsada, kuma amfaninsa ya fi fitowa a injin turbo. Kit ɗin da aka ce yana shiga kowace mota abin gudu ne, domin in faɗin bututun da debitmetir ke zaune ya canza, awon iska ya ɓaci.

Na huɗu na masu Hilux da Land Cruiser ne da ke shiga daji ko bin hanyar Agadas: doguwar bututun da ke hawa gefen gilashi har saman mota. Ba ta ƙara doki, amfaninta shi ne ɗauko iska daga sama, nesa da ƙurar tayoyi. In aka sa mata kan da ke juya iska yana zubar da rairayi cikin kwano, matata tana daɗewa ba ta toshe ba.

Haɗarin damina

Wasu kit suna saukar da matata ƙasa, bayan parshok, don neman iska mai sanyi. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da ruwa ke cika titunan gari koramu kuma ke yanke hanya, wannan haɗari ne babba. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In inji ya zuƙe shi, piston na iya tsayawa cak, ƙarfen da ke riƙe shi ya lanƙwashe. Duk kit ɗin da bakin iskarsa ya fi na asali kusa da ƙasa, a bar shi a shago.

Abin da za a duba kafin a sayi komai

A buɗe akwatin, a ɗaga matata a haska ta da tocila. In haske ba ya ratsa ta, ko an ga huda, a canza. A shafa yatsa cikin bututun da ke bayan matata, wanda ya nufi inji: in ya fito da ƙura, akwai inda iska ke shiga ba tacewa. A duba maƙallan akwati, da robar bututu ko zafi ya tsaga ta. Motocin okaziyo da yawa suna zuwa da irin wannan tsaga a ƙasan bututu, inda ido ba ya kai wa.

A garaji an saba hure matata da iskar kwamfuresa mai ƙarfi. Hakan na iya yaga takardar ta yadda ba a gani. In dole ne, a kaɗe ta a hankali, ko a hura da sauƙi daga gefen da ke da tsabta. Littattafan motoci da kansu suna cewa a wurare masu ƙura a riƙa canza matata da wuri fiye da adadin kilomitan da aka rubuta, don haka a duba ta a kowane bidanji, a kuma ƙara dubawa cikin hunturu.

Wanda kuma ya sa sabon kit, kada ya yar da akwatin asali da rezonater. In ƙara ta dame shi, ko fitilar tabulo ta kama, ko ya zo sayar da motar, zai bukaci ya mayar da su.