Wa ke da magana a zaure? Abin lura daga Taron Ƙasa na 1991

Mai shirya taron jama'a yakan ɗauka cewa matsin siyasa daga wajen gwamnati kaɗai yake fitowa. A wannan ƙasida za mu duba Taron Ƙasa na Nijar, wanda ya zauna a Palais des Sports na Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, don mu nuna cewa lamarin ya fi haka faɗi.

Taron ya biyo bayan harbin ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990. Saboda haka ƙungiyar ɗalibai ta USN da ta ma'aikata ta USTN sun shigo zaure da ƙarfinsu, gwamnatin Janar Ali Saibu kuwa ta shigo a raunane. Tun farkon zama taron ya ɗora kansa bisa kowace hukuma ta ƙasa, kuma gwamnati ta zama rukuni ɗaya cikin rukunonin wakilai. An kawar da tsoron mai mulki, amma wani matsin ya maye gurbinsa, wato na zauren kansa. Wanda ya tashi kare tsohuwar jam'iyya MNSD yana magana ne gaban mutanen da yawancinsu sun riga sun yanke masa hukunci, ga kuma rediyo yana kai muryarsa har Maraɗi da Damagaram. Aikin shugaban taro, Farfesa André Salifou, ya haɗa ke nan da tsare haƙƙin wanda ba a son jin bakinsa. A ganinmu wannan ne ɓangaren aikin da ya fi wuya.

Sai dai babban hukunci kan ƴancin magana an yanke shi tun kafin a buɗe ƙofa, a kwamitin share fage. Mace ɗaya tak aka sa a cikinsa. Sai da mata suka yi zanga-zanga a Yamai ranar 13 ga Mayu 1991 sannan aka ƙara yawansu. Daga nan ne ranar ta zama ranar matan Nijar. Babu wanda ya rubuta dokar hana mata magana. Jerin sunaye ne ya yi aikin.

Haka batun harshe. Da Faransanci aka yi yawancin muhawara, alhali mafi yawan ƴan ƙasa ba sa jin sa. Manomi daga karkarar Tawa, ko da ya sami kujera, hujjarsa ba ta isa zaure sai ta bakin wani.

Ga malamin da ke shirya lacca a jami'a, inda hukuma ke tambayar wane ne baƙon, ɗalibai kuma ke barazanar tashe taro, wuraren da za a tsaya a kai su ne waɗannan: wa ya tsara jerin masu magana, minti nawa kowa zai samu, da wane harshe. Gara a rubuta ƙa'idojin a sanar da su kafin a san sunan baƙon, domin bayan an san shi kowace ƙa'ida za a karanta ta a matsayin goyon baya ko adawa.