Hanyar da Ƙara Take Bi Daga Kunne Zuwa Ƙwaƙwalwa

Sau da dama mukan ga yaro ya tashi daga ciwon sanƙarau, jiki ya yi sauƙi, amma in an kira shi ba ya waiwayowa. Sai a ce taurin kai ne, wani lokaci har da bulala. Bari mu duba yadda ji yake aukuwa, don mu san inda ɓarnar take.

Ƙara takan shiga kunne ta girgiza dodon kunne. Ƙananan ƙasusuwa 3 su miƙa girgizar zuwa wani abu mai kama da katantanwa, cike da ruwa. A ciki akwai 'yan gasu ƙanana ƙwarai, su ne suke mai da girgiza ta zama saƙo. Jijiyar ji ta ɗauki saƙon zuwa gindin ƙwaƙwalwa, wato inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka, daga nan ya yi ta hawa zango zango.

A shekarar 1971 Jewett da Williston, masana a Amurka, suka bayyana yadda ake bin sawun wannan saƙo. Akan manna 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne, a yi ta sa ƙara ƙas-ƙas a kunnen, na'ura kuwa ta zana layi mai tudu da kwari kamar kunyoyin gona. Tuddai 5 na farko ake dubawa. Ga saurayi ko budurwa mai lafiyar kunne, tudun farko yakan fito bayan wajen kashi 1.5 cikin 1,000 na sakan, na biyar kuwa bayan wajen kashi 5.5. Ƙiftawar ido ma ta fi wannan daɗewa nesa. Awon matasa shi ne mudun da ake gwada na sauran manya da shi, gama tsufa bai taɓa kunnensu ba tukuna. Jarirai suna da nasu mudu, domin hanyar ba ta gama ƙwari sai wajen shekara 2.

In tudu ya makara, ko bai fito ba sam, likita ya sami alamar inda hanya ta lalace. Gwajin ba zafi, ba a kuma bukatar yaro ya amsa. Yana barci ma ake yi.

Sanƙarau yakan kashe 'yan gasun nan, ba su kuwa sake tsirowa. Wani lokaci ƙashi yakan toshe katantanwar cikin 'yan makonni. Saboda haka yaron da aka sallama daga asibiti bayan sanƙarau, a roƙi likita ya tura shi babban asibiti a gwada jinsa tun wata guda bai cika ba.