MU YI WA MANYAN TAKARDUNMU MARATAYI



Yau za mu yi magana a kan manyan takardun nan masu hoto da ake kawo mana. Kowa ya san su. Akwai ta baƙaƙe da wasula. Akwai ta lissafi. Akwai taswirar ƙasarmu. Akwai waɗanda ma'aikatan lafiya da malaman gona da malaman dabbobi ke rabawa. Takarda ɗaya tana koyar da mutum talatin a zama guda. Amma a garuruwa da yawa ba ta kai damana biyu. Za mu ga abin da ke ɓata ta, da yadda za mu yi mata wurin rataya da hannunmu.

TAKARDA MALAMI CE

Tun shekarar 1963 aka fara yaƙi da jahilci na manya a ƙasarmu. Tun sannan hoto yake taimakon malami. Wanda bai gama gane baƙi ba yana gane hoto. Daga hoto ya kama kalma. Daga kalma ya kama karatu.

Dattawa suna tune da kurkunu. Da can yakan kwantar da manomi a tsakiyar damana, gona ta cika da haki. An bi gari gari da hotuna ana nuna wa mutane yadda ake tace ruwan tabki da ƙyalle. An gina rijiyoyi. A shekarar 2013 hukumar lafiya ta duniya ta shaida cewa babu sauran kurkunu a Nijar. Hotunan nan sun yi nasu aikin.

Ga wani misali. Takardar zawo tana cewa: litir 1 na ruwa mai tsabta, cokalin shayi 6 na sukari, rabin cokalin shayi na gishiri. Wannan shi ne haɗin da uwa za ta ba yaro kafin a kai shi likita, in babu ƙunshin garin da ake bayarwa a can. To, in gara ta cinye wurin da aka rubuta awon gishiri fa? Uwa ta zo dubawa da dare, ba ta samu ba. Ta yi kirdado. Gishiri ya yi yawa, ya ƙara wa yaro wahala. Kun ga ke nan adana takarda ba wasa ba ne.

ABOKAN GABAR TAKARDA

1. Gara. Tana hawowa ta cikin ginin ƙasa. Takardar da aka manna a bango, ta baya take cin ta. Kafin a lura ta gama.

2. Danshi. Da damana bango yana shan ruwa, rufi yana yoyo. Takarda ta jiƙe, ta yi fumfuna, ta yi baƙin tabo.

3. Rana. Tana kashe launi. Ja da rawaya su ke fara gudu. Hoto ya koma fari fat.

4. Iska da ƙurar hunturu. Iska tana kaɗa takarda har ta yage.

5. Awaki da ɓeraye da kyankyasai. Akuya tana cin takarda kamar yadda take cin harawa.

6. Hannunmu. Wannan shi ne babba. Muna buga ƙusa ko ƙaya a kusurwa huɗu. Nauyin takarda duka ya koma kan ƴan huji huɗu. Iska ta ja, hujin ya buɗe, kusurwa ta tafi. Ƙusa kuma tana tsatsa, tsatsa tana cin takarda. Muna ninke takarda gida takwas mu tura ƙarƙashin katifa. Duk inda aka ninke, nan take karyewa, nan rubutu yake gogewa.

YADDA AKE YI A BIRNI

Masu zanen gine-gine da masu awon filaye suna aiki da manyan takardu kullum. A ofisoshinsu akwai maratayi na ƙarfe da ake kafawa a bango. Yana da dogayen matsai na farin ƙarfe marar nauyi. Kowane matsi yana kama bakin takarda na sama daga wannan gefe zuwa wancan, a ɗaure shi da noti. Matsi ɗaya yana riƙe takardu da yawa. Ana jera matsai a jikin maratayin. Wani iri ma yana juyawa kamar ƙyauren ɗaki, mutum ya duba takardu kamar yana buɗe littafi.

Wannan kaya daga waje ake kawo shi, kuma yana da tsada. Amma dabararsa uku ce kawai:

- A kama bakin takarda gaba ɗaya, ba a huda ta ba.
- Takarda ta sauko a miƙe, ba a ninke ta ba.
- Kada ta taɓa bango, kada ta taɓa ƙasa.

Dabarar nan ba ta fi ƙarfin maƙerin garinmu ba.

MU FARA DA AWO

Tun ran gini, ran zane. Kafin a je wurin maƙeri, a auna takardu.

Takardar ofis da ake rubuta wasiƙa a kai, sunanta A4. In an jera 8, sun yi A1. Faɗin A1 kusan santimetir 60 ne, tsawonta santimetir 84. In an jera 16, sun yi A0. Faɗinta santimetir 84, tsawonta kusan santimetir 119. Awon da za mu bayar a nan na A1 ne. Wanda takardunsa suka fi haka, sai ya ƙara.

KAYAN DA AKE BUKATA

- Ƙarfe 2, irin rodin gini. Tsawon kowane santimetir 60.
- Siraran katakai masu faɗi, guda 12. Tsawon kowane santimetir 75. Biyu biyu za a haɗa su, su zama matsai 6.
- Wasu katakai 2 masu tsawon santimetir 95, don nuna takarda lokacin darasi.
- Tsohuwar robar cikin tayar keke, a yanka ta siriri siriri.
- Tsohon zane mai tsabta.
- Igiya da ɗan siminti. In babu siminti, a kwaɓa laka mai kyau.

In babu katako, a tsaga gora ko a sassaƙe busasshen icce mai miƙewa. A kankare shi ya yi sumul. Kada a sare ɗanyen icce don wannan aiki. Ɗanyen icce yana lanƙwashewa in ya bushe, kuma ruwansa yana ɓata takarda.

YADDA AKE KAFA ƘARAFUNA

1. A zaɓi bango. A nemi wanda ruwan sama ba ya duka, wanda rana ba ta faɗa masa ta ƙofa ko ta taga. A dubi rufi. In akwai alamar yoyo, a sake wuri. In akwai hanyar gara, a karya ta, a gyara ginin.

2. Maƙeri ya lanƙwasa bakin kowane ƙarfe sama, kamar santimetir 3. Wannan ƙugiya ita za ta hana matsai zamewa.

3. A auna santimetir 170 daga ƙasa, a yi alama da gawayi. A auna santimetir 66 a gicciye, a yi alama ta biyu. A ja igiya tsakaninsu, a tabbata ba wadda ta fi wata tsawo.

4. A huda bango. Santimetir 20 na ƙarfe su shiga ciki, santimetir 40 su fito waje. Bakin ƙarfe ya ɗan kalli sama kaɗan.

5. A cika hujin da siminti ko laka. A bar shi kwana uku ya bushe. Kada a rataya kome kafin nan.

6. A ɗaura ƙullin roba a jikin kowane ƙarfe, santimetir 10 daga bango. Matsi na farko a nan zai tsaya. Ratar nan ita ke raba takarda da gara da danshi, iska kuma ta riƙa wucewa.

YADDA AKE HAƊA MATSI

A ɗauki katakai biyu. A naɗa wa kowane ƙyalle a inda zai taɓa takarda, don ya riƙe da kyau. A jera takardu, bakinsu na sama ya daidaita. Kada su wuce 8 a matsi ɗaya. A sa bakin takardun tsakanin katakan, kamar santimetir 2. A ɗaure kowane gefe da roba tamau. Roba ta tsaya a kan katako, kada ta taɓa takarda, don tana barin tabo.

A ɗaga matsi a girgiza a hankali. In takarda ta zame, a ƙara ɗaurewa. Sannan a ɗora shi a kan ƙarafuna biyu. Takardu su sauko tsakaninsu a miƙe. Haka za a jera matsai, wannan gaban wannan. Takardar da hotonta yake a kwance, a rataye ta ta gefe, ba kome.

Daga ƙarshe a lulluɓe su duka da tsohon zane saboda ƙura da haske. A tsinko ganyen dogon yaro, a shanya shi ya bushe sarai, a ƙulle a ƙyalle, a rataya a gefe. Ƙwari ba su son warinsa. A riƙa sake shi.

LOKACIN DARASI

Kusa da allo a kafa ƙugiya ɗaya. Malami ya zaro takardar da za a karanta yau. Ya sa ta a dogon matsin nan na santimetir 95. Ya ɗaura igiya a gefe biyu, ya rataya. In akwai iska, a matse bakin ƙasa da kara biyu. Tunda a kan tabarma muke zama, kada a kai ta sama ƙwarai. Na baya ya gani, na gaba kada wuyansa ya gaji. A nuna baƙi da tsinke, ba da yatsa ba. Zufa da mai suna ɓata takarda. In an tashi, ta koma wurinta.

Takardar da jama'a ke bukata kowane lokaci, kamar ta zawo, ɗalibai su kwafe ta cikin littafinsu. Kowace uwa ta sami awon a ɗakinta.

IN A RUMFA AKE KARATU

Cibiyoyi da yawa rumfar zana ce. A nan sai a kafa dirka biyu, a ɗora sanda a gicciye, a rataya takardar darasi. Tsohuwar azarar giginya ta fi, don gara ba ta cin ta da sauri. Amma takarda ba ta kwana a rumfa. A nemi ɗakin ƙasa mai ƙyaure, a gidan malami ko gidan maigari, a kafa maratayin a can.

IN DAMANA TA ZO

In ruwa ya sauka, kowa ya tafi gona, karatu ya tsaya. Wannan shi ne lokacin da takardu suka fi lalacewa, don babu mai duba su. Rigakafi ya fi magani.

In ɗakin yana da kyau, a bar su a rataye, a lulluɓe. In ana shakkar ɗakin, a sauke su. A kakkaɓe ƙura da busasshen ƙyalle. A sami bututun roba irin na ruwa, mai kaurin santimetir 10. A naɗa masa ƙyalle. A naɗe takardun a bayansa, hoto yana kallon waje. In an yi haka, ran da aka warware, takarda za ta kwanta ta baya, ba za ta naɗo ta rufe rubutu ba. A rufe da zane, a ɗaure sako-sako. A rataya a azarar rufi da waya. Kada a sa takarda mai danshi cikin leda, fumfuna za ta kama ta. In takarda ta jiƙe, a shimfiɗa ta a inuwa ta sha iska.

In ta yage, kada a liƙe ta da kunu ko koko. Wannan abincin kyankyaso ne. Farar robar liƙi ta kanti ma tana yin ja, ta bushe, ta bar tabo. A ajiye guntun, a sa takardar a tsakiyar ƴan uwanta. A zaɓi mai kyawun hannu ya kwafe rubutun a wata takarda.

AIKIN KOWA NE

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwamitin cibiya ya zauna ya raba aiki. Maƙeri ya yi ƙarafuna. Masassaƙi ya yi katakai. Mata su kawo zane. Ɗalibai su rubuta suna a jikin kowane matsi: KARATU, LISSAFI, LAFIYA, NOMA, KIWO, ƘASARMU. Kowace takarda a ba ta lamba a bayanta da fensir.

A buɗe littafi. A rubuta lamba, da sunan takarda, da ranar da ta zo. Wanda ya ara, a rubuta sunansa da ranar da zai maido. A naɗa mutum ɗaya mai kula. Kowace Juma'a ya ɗaga zane, ya dubi bango, ya dubi ƙarafuna. Gara ba ta cin ƙarfe, amma tana gina hanya a kansa. In ya gan ta, ya karya nan take.

Ƴan uwa, ƙarfe biyu ne da ƴan katakai. Aikin yini ɗaya ne. Kada mu jira har ruwa ya sauka. Takardar da muka adana bana, ita ce ƙannenmu za su karanta baɗi.

TAMBAYOYI

1. Faɗi abokan gabar takarda guda huɗu.
2. Don me ake barin santimetir 10 tsakanin bango da takarda?
3. Ƙarfe ya fito santimetir 40. An bar 10. Kowane matsi yana cin santimetir 5. Matsai nawa za su shiga?
4. Matsi ɗaya yana riƙe takarda 8. Takarda nawa matsai 6 za su riƙe?
5. Takardu nawa ke akwai a cibiyarku? A ina suke kwana?

Ku tattauna da malaminku. In kun kafa maratayi a garinku, ku rubuto mana wasiƙa da hannunku, ku gaya mana yadda kuka yi.